Kabeji da Jatan Lande a Kaskon Mahaifiyarka

Jarwal, Makka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka zuwa gare ka, ɗana, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya tsare ka a wannan doguwar hanya ta rairayi, ya sauke ka gabas lafiya, ya raba ka da mugun abokin tafiya da mugun abokin zama.

Bayan haka, za ka sami takardar nan a cikin kaskon mahaifiyarka, wanda na naɗe da tsohon rawanina na cusa a ƙasan buhunka. Idan ka ji kayanka sun yi nauyi, ni ne. Na rubuta da Hausa ko da yake na san Larabci ya fi maka sauƙi. Da Larabci na koyi ƙawata magana, duk abin da na rubuta da shi sai ya fito ya fi ni kyau. Da baki kuwa ba zan iya ba. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ban taɓa kira ba. Haka aka rene ni, na kuma tsufa da gyarawa.

Ranar da ka ce min ka sami aiki a kamfanin mai, na ce da kai, "To, jikan malamai zai je ɗaukar ƙarfe." Ka ce, da irin kiran da 'ya'yan Larabawa suke yi wa uba, "Yaba, jikan malamai ma yana jin yunwa." Ban janye maganata ba. Kai ma kada ka janye taka, ta fi tawa gaskiya.

Ba aikin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Shekaranjiya na ji ka a bakin ƙofa kana gaya wa abokinka cewa ba zama za ka yi a can ba, ɗan lokaci ne, ka tara abin da ka tara ka dawo. Maganata ce ta fito daga bakinka. Da ita na shigo garin nan kafin a haife ka, kuma ita ta cinye ni. Ina tsoron ka zauna a can yadda na zauna a nan, da takalmi a ƙafa, ba ka tafi ba, ba ka kuma sauka ba. Ba ni da dukiyar da zan ba ka, ilimina kuwa ka ga inda ya kai ni. Abu guda na iya da hannuna wanda ya taɓa amfanar wani, shi ne dafa kabeji da jatan lande tsakanin magariba da isha. Shi zan koya maka, tare da yadda aka yi na koya, don ban same shi da arha ba.

Mun baro Kano da ƙafa ni da mahaifiyarka. Mun yi noman auduga a Sudan, mun haye teku daga Sawakin. Ina ɗauke da akwatin littattafai a ka, ina da fiƙihu da nahawu da lugga waɗanda a gida har dattawa suke tashi idan na shigo. Niyyata in sauke farali, in zauna a gaban malaman Harami in ƙara, a ba ni izinin karantarwa, in koma gida da suna. Na zauna, na ƙara. Izinin ne na tsaya jira a kira ni a ba ni, don a ganina mai ilimi ba ya roƙo. Ba a kira ni ba. Waɗanda na fi su suka sami gindin ginshiƙi a masallaci da ɗalibai, ni kuma na ƙare a bakin hanya ina rubuta wa alhazai wasiƙun gida, "muna lafiya, a gai da kowa." Har gobe ina ganin an zalunce ni. Amma yanzu na san cewa mutanen da nake jiran su kira ni ba su ma san ina jira ba.

Duk tsawon wannan lokaci ban yarda an sayi wani abu mai nauyi a ɗakinmu ba. Idan mahaifiyarka ta ce a sayi tukunyar kirki, sai in ce, "Wa zai ɗauke ta zuwa Kano?" A gwangwanin kananzir da aka yanke take dafa mana tuwo. Wata rana na dawo na tarar da wannan kasko na baƙin ƙarfe, mai zurfi, irin na mutanen Jawa. Da gyaɗar da take soyawa tana sayarwa ta saye shi.

Na ce, "Wannan fa? Mu da muke kan hanya?"

Ta ce, "Malam, kai ne kake kan hanya. Ni tun bara na iso."

Na yi kwanaki ban yi mata magana ba. Ina ganin ta rena burina ne.

Saboda haka ga abu na farko. Makon da ka isa, kafin ka sayi agogo ko sabuwar riga, ka nemi murhu, ko na gawayi ko dafur mai aiki da kananzir, da ɗan ƙaramin turmi, da wuƙa mai kaifi. An ce a can akwai inda ake dafa wa ma'aikata su bi layi da kwano. Ka ci idan ta kama, amma kada ka mai da shi gida. Wanda bai taɓa hura wuta a wuri ba, baƙo ne a wurin ko da a can za a binne shi. Ko wata ɗaya za ka yi, ka yi shi kamar mazauni.

Ka san maƙwabcinmu Shaihu Abdurrahim, mutumin Jawa, wanda kake ce wa Ammi, wato baffa. Abin da ba ka sani ba shi ne tare muka zauna a gaban malami ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Ya fi ni haƙuri, na fi shi nahawu. Shi ya fara kirana cin abinci. Na je, aka kawo shinkafa da wannan abinci, ganye a yanke siriri da wasu jajayen abubuwa a lanƙwashe, masu ƙafafu da gashin baki. Ban taɓa ganinsu ba. Na ɗauko ɗaya na ɗaga a gaban baƙinsa.

Na ce, "Ya Shaihu, a ƙasarmu irin wannan kaji muke watsa wa."

Ya yi dariya, ya ce, "A ƙasarku ba kwa cin fara? Wannan ma fara ce, sai dai ta fi taku yin wanka."

Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na san hukuncin sarai, na san abin da ya fito daga teku halal ne a mazhabarmu, da an tambaye ni da na kawo hujja daki-daki. Ba shari'a ce ta hana ni ba. A kasuwa ana kiranmu Takaruna ana taɓe baki, na kuwa matsu in sami wanda ni ma zan taɓe wa baki. Na wanke hannu na tashi. Tun daga ranar, duk daren Juma'a sai ya leƙo ta saman katanga ya ce, "Ya Shaihu Sa'idu, tafaddal." Ni kuma in ce, "Na ƙoshi." Gashinmu ya yi fari a kan wannan. Ya ƙi dainawa, na ƙi zuwa.

A can za ka haɗu da mutanen Yaman da Hindu da Somaliya da mutanen gaɓar tekun gabas, kowa da abin da uwarsa ta saba masa. Idan an miƙo maka, in dai halal ne, ka sa hannu. Idan bai yi maka ba ka ci kaɗan ka yi godiya. Za a rena ka, wannan babu makawa, ba na kuma yi maka alkawarin duniya za ta gyaru. Amma kada ka ɗauki renin da aka yi maka ka sauke a akushin wani.

A shekarun nan ban cin miya sai ta kuka da daddawa. Kowace shekara ina jiran alhazan gida, in rubuta musu wasiƙa su ba ni abin da suka rage a jakarsu. Sai Turawa suka shiga yaƙinsu, jirage suka ɗauke ƙafa, alhazai suka yi ƙaranci, garin ya shiga wani hali. Kuka ta ƙare. Daddawa ta rage 'yar kaɗan, na ƙulle ta a tsumma na sa a ƙasan akwatin littattafai, na ce ba za a taɓa ba sai ranar da za mu kama hanyar gida.

Mahaifiyarka ba ta yi gardama ba. Ta koma sayen kabejin da ake kawowa daga Ɗa'ifa, wanda masu kayan miya suke karyar da shi da yamma. Ta riƙa soya shi da wani yaji da take dakawa. Na ci na ji wani ɗanɗano mai zurfi a ƙarƙashin barkonon, irin wanda daddawa kaɗai na sani da shi. Na ɗauka wani ɓoyon daddawa gare ta. Watanni ina ci ina suɗe hannu, har ina ce mata, "Kin gani? Abin gida daban ne."

Ran nan na dawo da wuri na tarar da ita a gindin turmi, da busasshen jatan lande a faifai, wanda matar Abdurrahim ta nuna mata inda ake sayarwa.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar da ka fara yabawa."

Na ce, "Kin mai da ni abin dariya a gidan Bajawe."

Ta ce, "Babu wanda ya yi dariya, Malam. Ka yi ƙiba ne kawai."

Daga ranar na koma cin busasshiyar gurasa da shayi. Tana dafawa, ƙamshi yana cika ɗaki, ina juya baya ina buɗe littafi. Tana zuba nawa ta rufe, da safe ta ba ka. Niyyata in ɗan ja lokaci don ta san ni ne mai gida, sannan wata rana in jawo kwanon ba tare da na ce komai ba. Ina jiran ranar da ta dace, zazzaɓin nan ya kama ta. Sauran ka sani, kana da wayo lokacin. Bayan mun dawo daga maƙabarta na buɗe akwati ina neman abin da zan karanta, na ci karo da ƙullin daddawar. Ƙwari sun cinye ta, sun haɗa da gefen littafin da ke kusa.

Idan wani ya dafa maka abu ya yi daɗi, ka faɗa masa kwanon yana gabanka, ko matarka ce nan gaba, ko abokin ɗaki. Idan ka yi fushi da mutum ka yi fushinka da baki, ka bar abincinsa. Kada kuma ka ajiye abu mai kyau don wata babbar rana. Ni dai tawa ba ta zo ba.

Bayan rasuwarta sai ga ni da kai da kasko. Ban iya komai ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya ta saman katanga. Na farko da na yi, na cika kaskon da ruwa na zuba komai na rufe, na bar shi yana tafasa yadda na ga ana yi wa miyar gida, don a tunanina abin kirki sai ya daɗe a wuta. Wari ya cika lungu. Kabejin ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, jatan landen ya zama kamar igiya. Ka ci don yunwa, kana kallon ƙasa.

Abin da ya cece ni kunnena ne. Duk watannin nan da na juya mata baya ina riƙe da littafi, ba karatu nake ba, saurare nake. Na zauna na tuno. Ina shigowa daga sallar magariba nake jin ruwa a kwano. Sai daka, gajere. Sai wuƙa a kan katako, da sauri, na ɗan lokaci mai tsawo. Sai mai ya yi ƙara sau ɗaya a hankali, sannan ya yi ƙara ta biyu da ƙarfi kamar an watsa tsakuwa a rufin kwano. Ban taɓa jin ƙarar murfi ba, ban kuma taɓa jin ɓararrakar tafasa ba. Kafin a kira isha ta gama. Da wannan na bi sawunta har na kamo.

Ga yadda za ka yi idan ka taso daga aiki a gajiye. Ka zaɓi kabeji mai nauyi a hannu, wanda ganyensa ya matse. Larabawa kurumb suke ce masa, ka sani. Rabi ya ishi mutum biyu. Ka ɗebi busasshen jatan lande cikin tafin hannu, ka jiƙa shi a ruwa kafin ka yi alwala. Idan ka idar da salla ka tsame shi da yatsu, kada ka tsiyaye, don rairayin yana kwance a ƙasan kwano. Ka cire kawunan. Ka raba biyu: rabi ka daka da tafarnuwa da citta da barkono da ɗan masoro, rabi ka bar shi yadda yake. Dakakken shi ne daddawarka. Kada ka yi saurin sa gishiri, teku ta riga ta sa nata.

Ka yanka kabejin siriri, iyakar yadda wuƙarka za ta iya, da albasa guda. Duk yankan ka gama shi kafin ka ɗora kasko, don da zarar an fara babu tsayawa neman wani abu. Wuta ta yi ƙarfi. Ka zuba man riɗi kaɗan, idan ya fara rawa ka sa albasa. Da ta yi laushi ka zuba dakakken yajin da sauran jatan landen, ka juya har ƙamshin ya bugi hancinka. A nan ne ake ƙona shi, kada ka waiwaya ko an kira ka. Sai ka watsa kabejin gaba ɗaya. Zai yi maka kamar ya yi yawa, zai faɗa. Ka yi ta juyawa daga ƙasa. Kada ka zuba ruwa, yana da nasa, kada kuma ka rufe. Ka ɗanɗana tun yana da sauran ƙarfi a haƙori, idan kana shakka ko ya yi, to ya yi, ka sauke. Sai ka gyara gishiri, ka matsa lemun tsami bayan ka sauke. Ka ci da gurasa ko shinkafar da ta kwana.

Inda za ka teku tana kusa, an ce ɗanye ma ana samu, rubyan suke kiransa a can, ba jambari kamar nan ba. Idan ɗanye ne ka ɓare shi, ka zare baƙin zaren da ke bayansa, ka sa shi a ƙarshe. Da ya yi ja ya lanƙwashe, ya gama. Idan ka ƙara masa lokaci don ka tabbatar, ka ɓata shi. Na karanta littattafai da yawa a kan falalar haƙuri, babu wanda ya gaya min cewa akwai abubuwan da jira yake lalatawa. A bakin murhu na gano, bayan na riga na lalata nawa.

Kaskon kada ka goge shi da toka har ya yi fari. Baƙin nan shi ne amfaninsa. Ka wanke da ruwa, ka ɗora a wuta ya bushe, ka shafa masa ɗigon mai. Hannunsa na hagu yana motsi, ka riƙe da tsumma.

Akwai saura guda, ita ce ta fi yi min wuyar rubutawa. Shekarun nan da nake dafa mana, ina zuba maka naka a kwano ka fita da shi bakin ƙofa, ni in ci nawa a ciki. Na ce wa kaina al'ada ce, uba ba ya haɗa hannu da ɗan fari. Al'adar gaskiya ce, amma a gida yaro yana da kakanni da baffanni da ƙannen uwa da za su ja shi a jiki su kira sunansa. Kai ba ka da kowa sai ni, na kuwa ɗauko kunyar gida mai mutum talatin na shimfiɗa a ɗakin mutum biyu. Sau ɗaya ka tsaya da kwanonka a tsakiyar ɗaki, ka ce, "Yaba, waje akwai ƙuda." Na ce, "Ka kore su." Ka fita. Na san ba ƙuda ne suka dame ka ba, tun a lokacin na sani.

Na ce maka rabin kabeji ya ishi mutum biyu, da gangan na faɗa. Kada ka rage ma'aunin. Duk ranar da ka ɗora kaskon nan ka leƙa waje ka kira wani, ko ba ka jin harshensa. Wasu za su ce sun ƙoshi. Ka sake kira wani makon. Mai cewa ya ƙoshi ba koyaushe ne ya ƙoshi ba, wannan ni shaida ne.

Kada ka ɗauka na zama wani mutum dabam. Har yanzu idan na wuce ta Harami na ji wani yana karantar da yara yana karya i'irabi, sai in tsaya ina gyara masa a raina. Har yanzu ina ganin aikin da za ka bai kai ka ba. Kano kuwa na daina ce wa kowa zan koma, waɗanda za su gane ni duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ban sami natsuwar da ake cewa tsufa yana kawowa ba. Abin da na samu kawai shi ne na san inda na ɓata, kuma na ji ka kama hanyar wurin.

Na san za ka tambaya da me zan dafa, tunda kasko ɗaya ne a ɗakin. Na yi tunanin wannan kafin in naɗe shi. Gwangwanin kananzir ba zan koma masa ba, sabo kuma ba zan saya ba, ka san halina. Motarku za ta tashi ranar Alhamis bayan asuba. Da magaribar ranar, Amminka zai leƙo ta saman katanga ya faɗi abin da ya saba faɗa. Wannan karon babu wuta a murhuna, babu hayaƙi, zai kuma gani da idonsa. Ƙaryar ƙoshi ba za ta yiwu ba. Na san zai tayar da maganar fara, ya daɗe yana ajiye da ita. Zan wanke hannu in zauna in bar shi ya yi dariyarsa.

Idan ka sami mai zuwa Makka ka aiko da labari. Ba sai ka tsawaita ba, da Larabci ma ya yi. Ka gaya min ko ka hura wuta, da sunan wanda ya ci tare da kai.

Allah ya kiyaye ka a tafiya da zama, ya tsare ka daga ƙarfe da wuta da zafin rana, ya sa albarka a guminka, ya haɗa ka da mutanen da za su kira ka cin abinci. Allah ya ji ƙan mahaifiyarka, ya haskaka makwancinta. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sa'idu